Amsoshin Tambayoyinku: Cizon Sauro Ya Cika Ƙafafun Ɗana Da Tabo

TAMBAYA: Ni uwa ce, ina zaune a Dabai cikin ƙaramar hukumar Zuru. Ina da yaro ɗan shekara uku. Da zarar damina ta kankama, sai ƙafafunsa da hannuwansa su cika da ƙuraje saboda cizon sauro. Wurin ya kumbura, ya yi ta susa har ya fashe, in ya warke ya bar baƙin tabo. Ɗaki ɗaya suke kwana da yayarsa, amma ita ko ƙurji ɗaya babu. Muna da gidan sauro. Wasu sun ce jininsa ne mai zaƙi, wasu sun ce in riƙa shafa masa kananzir. Don Allah me zan yi masa? Daga wata uwa a Dabai.

AMSA: Malama, mun gode da wasiƙarki, Allah Ya ba yaro lafiya. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana ya zama ruwan dare ga yara masu shekarunsa, kuma akwai abubuwa da dama da za ki iya yi da hannunki.

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin sai da jini ƙwanta ke ƙosawa. Idan ta soka bakinta a fata sai ta zuba yawunta a ciki, wanda ke hana jinin daskarewa har ta gama sha. Jikin mutum bai yarda da wannan yawu ba, sai ya saki wani sinadari da likitoci ke kira histamin. Shi ke sa wurin ya tasa, ya yi ɗumi, ya dinga ƙaiƙayi. Jikin ƙaramin yaro bai saba da yawun ba tukuna, shi ya sa nasa kumburin ya fi na babba girma da daɗewa. Yara da yawa suna rabuwa da wannan matsala da kansu yayin da suke tasowa.

Maganar zaƙin jini kuwa ki ajiye ta. Numfashin mutum, ɗumin jikinsa da warin guminsa sauro ke bi, kuma gaskiya ne ya fi son wasu a kan wasu. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka wallafa a shekarar 2000, ya nuna sauron da ke zuwa wa mai juna biyu ya ninka wanda ke zuwa wa wadda ba ta da ciki. Sai dai kada rashin ƙurji a jikin yayarsa ya yaudare ki. Mai yiwuwa ita ma ana cizonta, jikinta ne ya daina nunawa, kuma cizon da bai bar alama ba yana iya barin zazzaɓi.

To idan an riga an cije shi fa? Ki riƙe wannan: sauro kumburi yake bari, farce ke barin tabo. Cizon da ba a sosa ba yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Susa ke ƙara hura ƙaiƙayin, ta yage fata, dattin farce ya shiga, ƙurji ya koma gyambo. Saboda haka aikinki na farko shi ne raba farcensa da wurin. Ki yanke masa farce duk mako. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, sannan ki jiƙa ƙyalle da ruwan randa mai sanyi ki ɗora kamar minti 10. Idan akwai ƙanƙara, ki naɗe ta a ƙyalle, kada ki ɗora ta kai tsaye a fata. Sanyi na rage kumburi, yana kuma kashe kaifin ƙaiƙayi. Da dare ki sa masa wando mai tsawo marar nauyi, domin cikin barci yara suka fi yi wa kansu ɓarna.

A kemis ki nemi kalamin, ruwan maganin nan mai launin ruwan hoda da ake shafa wa masu ƙarambau. Yana bushewa a fata ya sanyaya ta. Inda kumburin ya yi tsanani, ana shafa man haidirokotison mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, kaɗan-kaɗan, sau biyu a rana na 'yan kwanaki, amma ba a kan ciwon da ya fashe ba, ba kuma kusa da ido ba. Idan ƙaiƙayi na hana shi barci, akwai maganin sha irin su setirizin na ruwa. Ki bar ma'aikacin lafiya ya faɗa miki adadin da ya dace da shekarunsa, kada ki ɓalla masa ƙwayar manya. Man kaɗanya mai tsabta na tausasa fata, babu laifi a shafa shi inda ba a fashe ba.

Kananzir kuwa kada ya kusanci jikinsa. Yana ƙona fatar yaro, yaron na iya kai hannu baki, ga haɗarin wuta a gidan da ake girki da itace. Haka nan man goge baki da toka. Baƙin tabon da ya riga ya fito zai dushe a hankali cikin watanni idan an daina ƙara masa sabo, kada kuma wani ya sa ki shafa masa man bilicin.

Ki garzaya da shi asibiti idan kika ga wurin na ƙara faɗi da zafi, yana fitar da mugunya, ko kaluluwa ta fito masa, ko jikinsa ya yi zafi. Idan leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, wannan ba ya jiran wayewar gari. Ki kuma duba katifa da tabarma, domin kuɗin cizo da ƙuma suna barin ƙuraje masu kama da na sauro. Idan mutanen gida da yawa na susa da dare, musamman a tsakanin yatsu, a duba ko ƙazwa ce, ita maganinta daban.

Kin ce kuna da gidan sauro, amma ana cizonsa. Ki lura da inda tabon ya taru: ƙafa da hannu, wuraren da riga ba ta rufe ba. Sau da yawa cizon na faruwa ne tun kafin yaro ya shiga gidan sauron, tsakanin magariba da lokacin kwanciya, sa'ad da ake tuwo ana hira a tsakar gida, yaro ya yi barci a tabarma sai can dare a ɗauke shi. Ki yi masa wanka kafin faɗuwar rana don gumi ya tafi, ki sa masa doguwar riga da wando masu haske, har da safa in da hali. Da ya fara gyangyaɗi a kai shi ciki. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana aiki na wasu sa'o'i. Ki zuba a tafinki ki shafa masa a ƙafa da damtse, ban da tafin hannunsa, ido, baki da wurin ciwo, kuma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba.

Shi kansa gidan sauron ki duba shi da rana. Ƙaramar ɓula ta ishi sauro, a ɗinke ta. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina. Yaro mai juyi yakan manna ƙafarsa da ragar, sauro ya cije shi ta waje, don haka a kwantar da shi a tsakiya. Sabon gidan sauro mai magani ana shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a fara amfani da shi. Ana wanke shi da sabulu marar kaifi, a shanya a inuwa, kuma ƙarfin maganinsa kimanin shekara uku yake kaiwa. A sa raga a tagogi, a rufe ƙofa tun da yamma. Fanka na taimakawa, domin sauro ba ya jure iska. Igiyar leƙo da hayaƙin ganyen darbejiya na kore shi na ɗan lokaci, amma kada a kunna su a rufaffen ɗaki da yara ke kwance. Fiya-fiya da Sniper guba ne. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni, kayan gona ne, ba na ɗakin kwana ba.

Sai a bi sauron har mahaifarsa. A ruwan da ke kwance yake ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya zuwa kwana 10 ne a lokacin ɗumi. Ƙasar Zuru ta fi arewacin Kebbi samun ruwan sama, don haka wuraren kwanciyar ruwa ba sa ƙarewa. Ki ware rana ɗaya a mako ki zagaya gida: a rufe randa da duro, a kife gwangwani da fasasshen tulu, a zubar da ruwan tsohuwar taya, a sauya na kaskon kaji, a cike ƙananan ramuka da ƙasa, a yashe kwata, a sare ciyawar jikin ɗaki. Kududdufin unguwa kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai an haɗa kai da maƙwabta da mai unguwa.

Na tsawaita a kan rigakafi ne saboda inda kike zaune. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi, alhali a Najeriya baki ɗaya 22 ne. A wannan binciken babu jihar da ta kai Kebbi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, wadda ake yi wa jarirai a wata 5, 6, 7 da kuma 15. Ɗanki ya wuce shekarun farawa, amma ƙannensa za su samu. Abin da ya shafe shi shi ne maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina. Ki karɓa, ki kuma cika masa na kwana ukun. Duk ranar da jikinsa ko na yayarsa ya yi zafi, a je a gwada jini a ranar, a asibitin da ke kusa da ku ko babban asibitin Zuru. Jijjiga, amai ba ƙaƙƙautawa ko kasa shan ruwa alamun haɗari ne.

Malama, ki fara yau da abu uku da ba sa cin kuɗi: yanke farce, wanka da doguwar riga kafin magariba, da kwanciya cikin gidan sauro tun farkon barci, shi da yayarsa duka. Muna jiran wasiƙarki mu ji yadda jikin nasa ya ƙara. Allah Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.