Tafiya da Keke Tsakanin Tasawa da Mayahi

Mai keken da ke son zuwa Mayahi daga Tasawa a bisa kwalta yakan bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Maraɗi da Damagaram. Daga Tasawa zai nufi kudu maso yamma, ya ratsa Gazawa da Agye har Cadawa, tafiyar da ta haura kilomita 80. A Cadawa hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa zuwa Mayahi, kilomita 50 da 'yan kai. Ƙasar ba ta da duwatsu. Jigawa ce shimfiɗaɗɗiya mai gonakin hatsi da wake da gyaɗa, gawo na tsaye a cikinsu, har a gangara Gulbin Kaba inda goriba ta yi yawa. Wannan shimfiɗar ita ke yaudarar mahayi ya fita ba shiri.

Abin da aka fi kawowa rumfar gyara shi ne hujin taya. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau suna zube a gefen kwalta, musamman bayan girbi, lokacin da amalanke da bisashe ke jawo su kan hanya. Tayar da ta suɗe ba ta tare ƙaya. Kafin a sa faci, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a zare ƙayar, domin in ta zauna za ta sake huda robar ciki kafin a kai ƙauye na gaba. Famfo da faci da sholisho ba su da nauyi, kuma bai kamata a bar gida ba tare da su ba.

Rairayi shi ne matsala ta biyu. A kan kwalta ana son taya ta sha iska sosai. In an sauka zuwa hanyoyin ƙauye da ke cikin gulbi, rage iska kaɗan yana sa taya ta zauna a kan rairayi maimakon ta nutse. Inda ya yi zurfi, sauka a tura ya fi, don tilasta feda a wurin yana tsinka sarƙa. Baƙin man inji da ake yawan zuba wa sarƙa yana kama ƙura, ya koma abin da ke cinye haƙoranta. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge sauran.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas. Tana tura mai zuwa Cadawa, amma tana dukan ƙirjinsa in ya juya zuwa Mayahi, kuma ƙura na rage gani. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka a tashi bayan sallar asuba, a sami inuwa kafin rana ta take. Jiri da ciwon kai da ƙarancin fitsari alamu ne na ƙarewar ruwa a jiki. Wanda ya ji su ya tsaya, ya sha ruwa, kada ya ce sai ya kai gari. Da damina kuwa, ruwa kan zaizaye bakin kwalta ya bar ramuka.

Haɗari mafi girma yana kan babbar hanya, inda manyan motocin kaya da bas-bas ke gudu. Mahayi ya riƙe hannun dama, 'yan makaranta masu keke su bi juna a layi ɗaya, kada su jeru kafaɗa da kafaɗa. Buhu ko jarka da aka ɗaura a karkace yana jan keke gefe idan iskar babbar mota ta buge shi. Bayan magariba, keken da ba shi da fitila a gaba da jan madubi a baya, direba ba ya ganinsa sai ya zo dab da shi.

Iyaye da malamai da masu gyara su riƙa duba birki da taya da fitilar keken yara kafin su bar su su hau kwalta.