Darasin Kimiyya: Yadda Lamba Ke Zama Murya a Cikin Waya

 Darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata asara da muka yi a gida.

A hutun da ya wuce yayana ya canza waya. Sabuwar ba ta da ramin iyafis, sai ramin caji irin wanda ake kira Type-C. A gidanmu kuwa wayarsa ake jona wa ƙaramar sifika bayan sallar isha'i, don Kaka ta saurari karatun Alƙur'ani da ke cikin memori. Kunnenta ya yi nauyi, muryar waya kaɗai ba ta isarta. Ranar kasuwar Sabon Birni ya sayo ɗan mahaɗi mai arha. Da muka jona, shiru kake ji. Ya mayar, mai kaya ya ce tunda an yage leda ba ya karɓa. Kuɗi suka tafi, Kaka ta kwana bakwai ba ta ji karatu ba. Wannan ya sa na tambayi malaminmu na kimiyya, ga abin da na koya.

Me ke cikin memori?

Babu murya a cikin memori, lambobi ne kawai, sifili da ɗaya. Lokacin ɗaukar sauti, na'ura tana auna shi sau dubbai a daƙiƙa guda, ta rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa. Amma sifika ba ta san lamba ba, wutar lantarki mai hawa da sauka ce ke girgiza ta. Saboda haka ana buƙatar tafinta a tsakani. Tafintan nan wata 'yar na'ura ce da ba ta kai farce girma ba, sunanta DAC, wato mai juya lamba zuwa sauti.

Duk wayar da ke da ramin iyafis tana da tafintanta a ciki. Amma tun da kamfanin Apple ya cire ramin daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu. Yanzu mahaɗi iri biyu ne a kasuwa: mai DAC a ciki, da wanda zaren waya ne zalla. Na biyun yana aiki ne kawai a wayoyin da ke turo sauti a shirye ta ramin caji. Shi yayana ya sayo, wayarsa kuma ba ta cikinsu.

Kafin ka biya kuɗi

1. In wayarka tana da ramin iyafis, riƙe kuɗinka, ba ka buƙatar komai.
2. Tambayi mai kaya ko akwai DAC a ciki, sannan ka gwada a kan wayarka a gabansa. Gani ya kori ji.
3. Tsayar da karatun ka kasa kunne. In kana jin "shuuu" kamar ruwan sama, ajiye shi.
4. Tabbatar kunnen dama da na hagu duka suna yi, ka kuma kira wani ka ji ko muryarka na fita.
5. Duba wuyan mahaɗin, domin nan yake fara tsinkewa.
6. Kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Kunnen mutum ba ya jin girgizar da ta wuce kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma awon CD ya wadatar da wannan. Sifika mai kyau ta fi babbar lamba amfani.

Gargaɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar iyafis ta wuce kashi 60 cikin 100. Mahaɗi in ya lalace a sayi wani, kunne kuwa babu shi a kasuwa.

Yayana ya sake tara kuɗi, ya gwada kafin ya biya, yanzu Kaka na jin karatunta lafiya lau.

Tambayar mako: mene ne aikin DAC? A kai amsa wurin shugabar ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare