Darasin Wannan Wata: Lambu da Kwanciyar Hankali

Jama'a masu karatu, idan an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai samari su tafi cin rani, a bar tsofaffi da mata a gida. A wannan lokaci ne zaman shiru yake jawo tunani. Mutum ya kwana yana juyi a kan tabarma, yana lissafin bashi da tsadar taki. Wannan ita ce damuwa. Idan ta yi yawa ciwo ce kamar kowane ciwo.

Ƙaramin lambu yana rage ta. Ba sai kana da fadama ba. Ɗan fili a bayan ɗaki ya isa, ko tsohon buhu da aka cika da ƙasa da takin awaki. A shuka alayyafo, yakuwa ko zogale. Ruwan alwala da na wankin hatsi kada a zubar, a ba shuka.

To, ta yaya lambu yake taimakon zuciya? Mai ban ruwa da safe yana shan hasken rana, shi kuwa hasken safe yana gyara barcin dare. Jiki ya motsa, ya gaji, barci ya zo. Amma a ganina babban amfanin shi ne, wanda ya shuka iri yana da abin da zai tashi ya duba gobe. Dubi dattijuwar da mijinta ya rasu, 'ya'ya kuma sun tafi birni. Kafin wata ɗaya da rabi alayyafonta ya isa tsinka. Maƙwabta su shigo neman na miya, a zauna a taɓa hira, kaɗaici ya ragu.

A shekarar 2019 masana a Ingila sun binciki mutane kusan 20,000. Sun gano cewa masu yin awa 2 a mako cikin itatuwa da ciyayi sun fi sauran cewa suna jin daɗin jikinsu da ransu. Ba lalle a yi awa 2 ɗin a rana ɗaya ba. Mu kuwa ga tsamiya da darbejiya a ƙofar gida.

Sai dai lambu ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daina cin abinci, ko yake magana shi kaɗai, ko yake cewa gara ya mutu, kada a ɗaure shi, kada a yi masa dariya. A kai shi asibiti. Akwai asibitocin masu taɓin hankali a Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Barnawa ta Kaduna.

Aikin aji: Rubuta sunayen ganye 3 da za ka iya shukawa a gidanku, ka nuna wa malaminku.