Rigakafi Ba Tare da Kuka Ba

Duk wanda ya taɓa raka ƙanensa asibiti ranar rigakafi ya san kukan da ake sha. To, ga labari mai daɗi.

Masana sun ƙera wani ɗan filasta kamar kan sarki, mai ɗauke da allurai ƙanana, tsawonsu bai kai milimita 1 ba. In an manna shi, sai su huda saman fata kawai, su narke, su saki maganin, ba zafin kirki.

Me ya sa aka zaɓi fata? Domin cike take da sojojin jiki masu gane cuta. Masana suna kuma gwada ƙunshe maganin cikin ƙwayoyi mitsi-mitsi da ido ba ya gani, don kada ya lalace kafin sojojin su haɗiye shi.

A 2024 aka bayyana sakamakon gwajin filastan ƙyanda a Gambiya: fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran sun sami kariya.

Amma 'yan'uwana, kafin filastan ya iso, kada tsoron allura ya hana a kai ƙannenmu. Rigakafi ya fi magani.