Yadda Za Ka Gane Sifirin Ɗin Mota Ya Saki da Taimakon Wayarka, da Yadda Ake Canja Shi a Gida

Darasinmu na yau a ƙarƙashin mota yake, amma wayar hannunka ce babban kayan aikin.

Yayana yana da Golf 3 da yake ɗaukar fasinja da buhunan gero daga Balan zuwa Gaya, ranar Juma'a kuma har kasuwar Wudil. Bayan damina sai bayan motar ya zauna ta ɓangaren dama, da an faɗa rami taya ta gogi jiki. Aka ce masa shakazoba ce, ya saya aka saka, motar ba ta ɗago ba. A wajenmu masu rubuta manhaja, ba a taɓa komai sai an gano inda matsalar take. Da muka auna, sai ga shi sifirin ne ya saki, kuɗin shakazoba sun tafi a banza.

Bambancin sifirin da shakazoba

Sifirin shi ne naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, shi ke riƙe tsayinta daga ƙasa. Shakazoba kuwa aikinta kashe lilo bayan an taka gargada. Saboda haka motar da ke ta lilo, a tuhumi shakazoba. Wadda ta zauna ko ta karkace, a tuhumi sifirin. Lodi fiye da ƙima, ramuka da tsatsa su ne suke gajiyar da shi. Haɗarinsa ba ƙarami ba ne: sitiyari yana ja gefe, taya tana cinyewa ta ɓangare ɗaya, kuma karyayyen bakin sifirin yana iya yanka taya ana cikin gudu.

Gwaji huɗu da waya

1. Awo. Ajiye motar a daɓe mai daidai, babu kaya a ciki. Da tef ɗin tela, auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin motar da ke saman taya, a ƙafafu huɗun. Ana farawa daga tsakiyar wili don kada iskar taya ta ruɗe ka. Rubuta a waya. Idan hagu da dama sun bambanta da kusan santimita 2, akwai magana.
2. Fitila da kyamara. Kunna tocilan, ka zura wayar bayan taya, ka ɗauki bidiyon sifirin daga sama har ƙasa. Duba zagayen ƙarshe sosai, nan ya fi karyewa. Nemi tsaga, tsatsa mai zurfi, ko ƙyalli a inda zagaye biyu suke haɗuwa.
3. Bidiyo mai tafiyar hawainiya. Wani ya danna kusurwar motar da ƙarfi ya saki, kai kana ɗauka. Idan ta yi lilo fiye da sau biyu, shakazoba ta gaji. Wannan gwajin nata ne, ba na sifirin ba.
4. Sauti. Ka naɗi murya yayin da ake murɗa sitiyari a tsaye. Ƙarar “ƙwas” daga gaba tana nuna karyayyen sifirin ko lalatacciyar hular sama.

Kafin ka saya

Ɗauki hoton lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17, wato VIN. Sifirin ɗin Volkswagen na asali yana da ɗigon fenti masu launi da ke nuna ƙarfinsa, su ma ka ɗauke su. Tura wa mai kaya a Ƙofar Ruwa ta WhatsApp kafin ka biya kuɗin mota zuwa Kano. Ana canja sifirin biyu-biyu, hagu da dama tare. Idan na hannu ne, jera su a ƙasa ka tabbata tsayinsu ɗaya. Kada ka yarda a yi wa karyayye walda ko a gasa shi da wuta a miƙar, domin zafi yana kashe ƙarfinsa.

Yadda ake canjawa

A wasu motocin, kamar bayan Golf 4, sifirin daban yake da shakazoba. A Golf 3 kuwa, gaba da baya, shakazoba tana cikin sifirin ne, kuma wannan ya fi haɗari. Ga matakan ƙafar gaba:

1. Ja birkin hannu, sa giya, tokare tayoyi da duwatsu. Sassauta notin taya kafin ka ɗaga.
2. Ɗaga da jak, ka ɗora motar a kan madogarar ƙarfe. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne, bulo kuma yana fashewa ba sallama.
3. Ɗauki hoton komai kafin ka kwance. Cire bututun birki daga maƙalinsa, da wayar ABS idan akwai.
4. Kwance kusoshin ƙasa biyu, sannan na sama, ka zaro ƙafar gaba ɗayanta. A Golf 3 noti biyu ne a kan sandar: na sama yana raba ta da jikin mota, na ƙarƙashinsa shi ke riƙe da sifirin. Kada ka taɓa na biyun tukuna.
5. Ɗaura ƙarfen matse sifirin, wato dogayen kusoshi biyu masu ƙugiya, ɗaya daura da ɗaya. Ƙara musu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, har sifirin ya saki hular. Sai yanzu za ka kwance notin, kuma fuskarka da ta kowa kada ta kalli bakinsa.
6. Sassauta tsohon a hankali, matse sabon, ka zaunar da bakinsa daidai a gurbinsa. Ɗaure hular kafin ka cire abin matsewar.
7. Mayar da komai kamar yadda yake a hoto, sauke motar, ka sake bin noti ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a kai ta alaimen.

Inda ya kamata ka tsaya

Matsattsen sifirin yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Idan ya kuɓuce, yana iya karya hannu ko ya yi kisa. Igiya, sarƙa ko wayar ɗauri ba su maye gurbin ƙarfen matsewa, ko da ka ga an yi a TikTok. Mu ma ba mu da shi, sai muka zaro ƙafafun baya biyu a gida, muka ɗora a babur zuwa Gaya, bakanike ya musanya sifirin, muka dawo muka ɗaura da kanmu. Da muka sake awo, hagu da dama sun yi daidai.

Ajiye awon farko a wayarka, ka riƙa maimaitawa bayan kowace damina. Allah Ya tsare mu a hanya.