Darasi: Yadda Ake Shirya Akwatin Kifin Zinariya

Darasinmu na yau a kan kifin ado ne, wanda ake kira kifin zinariya. Mutanen ƙasar Sin suka fara kiwonsa fiye da shekara 1000 da suka wuce. Daga can ya shiga Japan, ya kai Turai cikin ƙarni na 17. Akwai irin da ke da jiki kamar ƙwai da wutsiya biyu, irin su oranda, ryukin da ranchu. Waɗannan ba su da saurin iyo, kuma ba su jure ƙazamin ruwa. In an kula da su sukan kai shekara 10 ko fiye. In an yi gaggawa, cikin sati guda sai a rasa kifi, a rasa kuɗi.

1. Girman akwati

Kada a sa shi cikin kwalba ko ƙaramin kwano. Kifin yakan kai santimetir 15 zuwa 20. Na farko yana son litir 80 zuwa 100, kowane ƙari kuma litir 40. Ga lissafi: tsawo sau faɗi sau zurfi, a raba da 1000. Akwatin gilashi mai santimetir 100 da 40 da 40 yana ɗaukar litir 160, watau ya ishi kifi 2. Ruwan kaɗai kilo 160 ne, saboda haka a ɗora shi bisa teburi mai ƙarfi, wanda bai karkace ba.

2. Wurin ajiyewa

Wannan kifi na ruwan sanyi ne, ya fi son digiri 18 zuwa 24. A nan wajenmu zafin bazara yakan wuce digiri 40, kuma in ruwa ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa. A zaɓi ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da murhu. In kun ga kifi yana buɗe baki a saman ruwa, iska ce ta kasa. In kuran ya yanke, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubowa daga sama.

3. Ruwa

Ruwan pampo yana da kulorin, ɗan'uwan jabel, mai ƙona matsatsin numfashin kifi. A zuba maganin kashe kulorin kafin a yi aiki da shi. Yashi ko tsakuwa a wanke su da ruwa zalla. Sabulu guba ne ga kifi.

4. Jira kafin a sa kifi

Kashin kifi yana haifar da amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama cikin soson matatar ruwa. Su ke mai da amoniya nitirit, sannan su mai da nitirit nitirat, wanda ba ya da lahani sosai. Kafin su yawaita sai an yi sati 4 zuwa 6. A kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi cikin ruwan, a jira. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar kawo kifi, a bar ledarsa bisa ruwan akwati minti 20 kafin a sake shi.

5. Abinci da tsabta

A ba shi sau 2 a yini, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 2. Yawan ci yana ɓata ruwa, yana kuma sa kifi ya kife ciki sama. Kowane sati a kwashe rubu'in ruwan a zuba sabo. Wanda aka kwashe taki ne, a ba salati ko tumatir. Soson matata a wanke shi cikin wannan tsohon ruwa, don ruwan pampo yana kashe halittun nan.

Kada a haɗa shi da tarwaɗa ko karfasa. Kada kuma a sake shi cikin gulbi ko tafki.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Litir nawa kifi 3 ke bukata?
2. Me ya sa ake jiran sati 4 zuwa 6?
3. Wane ɗaki ne a gidanku ya fi sanyi da bazara?

Sai darasi na gaba.