Aikin Soja na Dole: Abin da Ya Kamata Mutanen Birnin Kudu da Gwaram Su Sani

Wata magana ta yaɗu a 'yan shekarun nan. Ana jin ta a gidajen rediyo, ana tattauna ta a teburin mai shayi a Birnin Kudu da rumfunan kasuwar Sara. Masu ita suna cewa tun da tsaro ya taɓarɓare, ga samari kuma birjik suna zaman kashe wando, me zai hana gwamnati ta tilasta wa kowane saurayi shiga soja na shekara ɗaya ko biyu, kamar yadda wasu ƙasashe suka koma yi? Maganar tana da daɗin ji, kuma yawancin masu yin ta kishin ƙasa ne ya sa su. An rubuta wannan takarda ne domin jama'a su san asalin al'amarin da abin da doka ta tanada, su kuma auna da kansu kafin wani ɗan siyasa ya zo neman su ɗaga hannu.

Abin da kakanninmu suka gani

Kudancin Jigawa ba baƙon ɗaukar makami ba ne. A ƙarni na 19, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashin Sarkin Kano, su ne bakin iyaka da duwatsun Ningi. Ningawa kan sauko su kai hari, su kore dabbobi, su kama mutane, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su da kansa. A wancan zamani ba sai an rubuta doka ba. Da an yi kururuwa, duk mai jini a jika zai rataya kwari da baka ya nufi ganuwa. Sai dai ku lura, garinsa yake tsarewa, yana hango gonarsa daga inda yake tsaye, in ƙura ta lafa kuma ya koma gida ya kwana cikin iyalinsa. Wanda ake magana a kansa yau daban ne: a ɗauke yaro daga Kantoga ko Basirka, a kai shi inda bai taɓa jin sunansa ba, ko yana so ko ba ya so.

Irin wannan ɗauka Turawa ne suka zo da ita. Sun kafa rundunarsu ta Afirka ta Yamma a 1897, suka ci Kano a 1903, suka buɗe dafo na horar da kurata a Zariya a 1924. Hausa ce ma harshen da ake ba da umarni da shi a bariki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, aka kwashi dubban 'yan Arewa a cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa ƙasar Bama su yaƙi Japan. A takarda, kowannensu da ƙafarsa ya kai kansa. A zahiri kuwa sau da yawa Razdan ne zai faɗa wa Sarki adadin da ake bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwa. To, ɗan wa kuke tsammani mai unguwa zai nuna? Ba zai nuna nasa ba, ba zai nuna ɗan attajirin da ke kai masa gaisuwa ba. Maraya zai nuna, da baƙo, da ɗan wanda ya kasa biyan haraji.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne ɗiban gwamna. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗiban dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa suka tarar da sanyin dutse, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa sun mutu a can, wasu suka gudu suka biyo daji da ƙafa. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja ta dole a 1919, ga kuma aikin tilas da ba a soke ba sai 1946, abin da ya sa iyalai da yawa suka tsallako iyaka suka zauna a wannan ɓangare.

Saboda haka duk wanda ya ce a koma irin ta da, a tambaye shi wace da yake nufi. Tun da Nijeriya ta samu mulkin kai a 1960 ba a taɓa kafa dokar da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa aikin soja ba. Ko a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan Tarayya ya tashi daga wajen mutum dubu 10 zuwa kusan dubu 250, yawancinsu su suka kai kansu, har da tsofaffin sojojin Bama da aka sake kira.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulkin 1999 bai rufe ƙofa ba. Sashe na 220 ya nuna cewa Majalisar Tarayya tana iya yin dokar horon soja ko aikin soja na dole, kuma idan ta yi, wajibi ne gwamnati ta tanadi isassun kayan aiki da wuraren aiwatar da ita. Sashe na 34, wanda ya haramta sa mutum aikin tilas, ya cire irin wannan hidimar ƙasa daga cikin haramcin. Ke nan ranar da 'yan majalisa suka ga dama, za su iya, kuma wakilin da mutanen Birnin Kudu da Buji suka aika Abuja da wanda mutanen Gwaram suka aika suna cikin masu jefa ƙuri'a.

Abin da muke da shi mai kama da wannan shi ne bautar ƙasa, wadda Janar Yakubu Gowon ya kafa a watan Mayun 1973 domin ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari. Ta shafi waɗanda suka gama jami'a ko babbar diploma kafin su wuce shekara 30. Sukan yi mako uku a sansani, irin na Fanisau da ke Dutse, sojoji suna koya musu fareti, sannan a rarraba su makarantu da asibitoci. Ba a koya musu yaƙi, ba a kuma tura su bakin daga. Mun san amfaninsu, don akwai makarantun ƙauye a nan da in ba don su ba, da yara sun shekara ba su ga malamin lissafi ba.

Hujjar masu so

Adalci ne a kawo hujjarsu yadda take. Suna cewa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, sojojinta gaba ɗaya sun ɗan haura dubu 200 ne kawai, kuma an warwatsa su daga Barno zuwa Zamfara zuwa gaɓar teku. Suna tuna mana watan Afrilun 2014, lokacin da 'yan bindiga suka shigo Gwaram da dare suka far wa ofishin 'yan sanda suka kashe jami'ai, da yadda a shekarar aka tura jami'an tsaro dajin Balmo da ke tsakanin Bauchi da Jigawa. Suna cewa da samarin gari suna da horo, da ba a yi musu haka ba. Suna ƙarawa da cewa bariki yana koya wa yaro tashi da wuri da biyayya da zama da wanda ba yarensu ɗaya ba.

Suna kuma kawo misalin duniya. Amurka ta daina ɗaukar dole a 1973, Faransa ta dakatar a 2001, Jamus a 2011. Amma Suwidin da ta soke a 2010 ta dawo da shi a 2017, Lituweniya ta dawo da shi a 2015 saboda tsoron Rasha, Maroko ma ta dawo da nata a 2019. Isra'ila da Masar da Koriya ta Kudu kuwa ba su taɓa saki ba.

Inda hujjar ta gaza

Ƙasashen Turai da suka koma ɗaukar dole sun koma ne don tsoron Rasha ya zo musu alhali sun rasa masu son shiga. Mutanensu kaɗan ne, aikin yi kuma yana da yawa, saurayi ba ya marmarin kaki. Mu namu akasin haka ne. Duk lokacin da rundunar soja ta buɗe ɗaukar kurata, masu cike takarda sukan ninka guraben da ake da su sau da yawa. Samari su yi layi a rana, a auna tsawonsu, a sa su gudu, a ƙarshe a sallami mafi yawansu. Ƙasar da take mayar da masu so gida, me za ta yi da waɗanda ba sa so?

Sai kuɗi. A ɗauka an kira samari miliyan 1 a shekara, wanda bai kai yawan masu cika shekara 18 ba. In aka biya kowanne mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70, an tashi Naira biliyan 70 a wata, biliyan 840 a shekara. Ba a sa abinci ba, ba a sa kaki da takalmi da bindiga da harsashin koyo da magani ba, ba a gina ɗakin kwana ko ɗaya ba. Wannan kuɗi daga wani wuri za a cire shi, kuma wurin da ya fi kusa shi ne kason sojan da yake bakin daga yanzu. Manomin da takinsa na kadada ɗaya ne, in ya watsa shi a kadada ashirin, ya san abin da zai girba.

Yaƙin da ake yi ma ba irin na taron yawa ba ne. Maharan daji suna tafe a kan babura, sun san kowace kwazazzaba, suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Abin da ke cin su shi ne bayanan sirri, da jirgin sama, da ƙwararren sojan da ya shekara da shekaru yana aikin. Yaron da aka yi wa horon wata uku cikin gaggawa, zuciyarsa tana gida, in aka tura shi can an kai wa maharan bindiga ne kyauta.

Akwai kuma tambayar da masu wannan ra'ayi ba sa son a yi musu: in ya gama, sai me? Bayan 1970 gwamnati ta shafe shekaru tana fama da yadda za ta rage sojojin da yaƙi ya tara. Yanzu a ce kowace shekara ana sako dubban samarin da suka iya harbi, su dawo Sundimina da Kila da Farin Dutse su tarar ba aiki, sai 'yan siyasa masu neman 'yan bangar zaɓe. Mun kuma ga abin da ya faru a Zamfara da 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu, ramuwar gayya ta bi ramuwar gayya. A Eritiriya an fara aikin soja na dole da wata 18 a doka, daga baya aka mayar da shi ba ranar gamawa, har samarin ƙasar suka zama cikin masu yawan tsallaka hamada da teku don gudu.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne wanda dokar za ta hau kansa. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da dubu 300, Gwaram sama da dubu 270, kuma mafi yawansu da noma suka dogara. Gidan da ke da samari biyu, su ne garmarsa, su ne masu huɗar gero da dawa, su ne masu yankan riɗi, da rani kuma su ne masu tafiya ci-rani su aiko da na cefane. A ɗauke su damina biyu a jere, a ga abin da zai rage a rumbu. Ɗan mai hali kuwa zai samu takardar likita, ko a ce yana karatu a waje, ko a ajiye shi a ofis a Abuja. Wanda ya ga yadda ake neman canjin jiha a bautar ƙasa ya san wannan ba zato ba ne. Jerin sunayen zai sake biyowa ta hannun mai unguwa, kamar yadda ya biyo a 1942.

Abin da ya fi dacewa a nema

Ladabi da juriya da masu wannan ra'ayi suke so ana iya samun su ba tare da tilas ba. Shi wannan sashe na 220 ya ba Shugaban Ƙasa ikon tanadar horon soja a duk makarantar sakandare ko ta gaba da ita da ta nuna tana so. Tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye manyan mutane har da Alhaji Aliko Ɗangote, da sauran makarantun kwana na yankin, za su iya neman ƙungiyar horo irin wannan: fareti, taimakon gaggawa, kashe gobara, ceton wanda ruwa ya ci. Iyaye da tsofaffin ɗalibai su ne za su matsa a yi. Haka 'yan sintirin gari, a yi musu rajista, hakimi da baturen 'yan sanda su san kowannensu, a ba su alawus, a kuma hana su yanke hukunci da kansu.

Sannan mu cike gurbinmu. Sashe na 217 ya wajabta a raba guraben soja yadda kowane ɓangare na ƙasa zai samu wakilci, don haka Jigawa tana da kasonta a kowace ɗauka. Saurayin da yake da sha'awa ya shirya tun kafin a buɗe. Ana neman mai shekara 18 zuwa 22, ko zuwa 26 ga mai sana'ar hannu irin ta kanikanci ko tuƙi ko aikin jinya. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace mita 1.65. Ana bukatar sakamakon jarrabawar gama sakandare da ya haɗa da Turanci, da lambar katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yara da yawa a nan takardun ne ke kayar da su, ba gudu ba: suna ɗaya a katin ɗan ƙasa, wani daban a takardar makaranta, ranar haihuwa kuma ta uku. Uba ya zauna da ɗansa su gyara wannan tun yana aji biyar na sakandare.

Cike takardar ta intanet ake yi, kuma kyauta ce. Duk wanda ya zo ya ce yana da hanya a Zariya ko Abuja, a kawo dubu kaza ya sa sunan yaro, ɗan damfara ne, kada a sayar da akuya ko buhun riɗi a ba shi. A kai maganarsa wurin hakimi ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.